Babi na Shida: Mataki na Goma Sha Uku

A watan Satumba na 1983 kamfanin Universal ya saki wani fim mai suna Nightmares a gidajen sinima na Amurka. Gajerun labaran ban tsoro ne guda huɗu aka ɗinke wuri ɗaya, Joseph Sargent ya ba da umarni. Fim ɗin bai yi wani tashe ba. Uku daga cikin labaran, wato na mahaukacin da ya tsere a Topanga, da na limamin cocin da wata baƙar mota take farauta, da na ƙaton ɓera, yau sai an tona kafin a sami mai tuna su. Na biyun ne ya ƙi mutuwa. Sunansa The Bishop of Battle, kuma abin da ya raya shi har yau wani wasan gem ne da ba a taɓa ƙerawa ba.

Emilio Estevez, ɗan Martin Sheen, yana da shekara 21 lokacin da fim ɗin ya fito, amma ɗan sakandare ya taka, mai suna J.J. Cooney. Da farko za ka gan shi da abokinsa Zock sun shiga gidan gem a wata unguwa da ba a san su ba. J.J. ya yi kamar bai iya ba, ya ja samarin unguwar caca a kan wani wasa mai suna Pleiades, yana kwashe musu daloli, har wani ya gane shi, suka ranta a na kare. Kuɗin nan ba na abinci ba ne, ba na takalmi ba. Na Bishof ne. A wani gidan gem da ke cikin babban kantin unguwarsu akwai akwati guda, wasan Bishof, da ya hana yaron barci. Kana jefa tsabar santi 25 sai wata fuska da aka zana da koren haske ta bayyana, ta gaishe ka da murya mai nauyi, ta shaida maka cewa tana da matakai 13, kowane ya fi na bayansa wuya, in ka isa ka gwada. J.J. ya sha kaiwa na 12, nan yake cijewa. Abokansa suna ce masa na 13 zancen kanzon kurege ne, dabara ce ta tatse yara. Shi kuwa ya rantse ya ji labarin wani a New Jersey da ya kai.

Karatu ya lalace, iyaye suka hana shi fita. Da dare ya yi tsakiya ya sulale, ya fasa gidan gem ɗin, ya toshe kunnuwansa da kiɗan punk, ya ci mataki na 12. Sai akwatin ya hau girgiza har ya rushe, abokan gaban da ke cikin allo suka fito fili suna shawagi a ɗakin. Yaron ya fizgo bindigar da ke jikin akwatin yana harbinsu, wuri ya yi kaca-kaca, ya gudu waje inda ake ajiye motoci, nan fuskar Bishof ta rutsa shi. Da gari ya waye iyayensa da Zock suka zo nemansa. Suka tarar da akwatin tsaye, aka kunna, sai ga J.J. a cikin allo, ya koma ɗan mutum-mutumin da mai wasa yake juyawa.

Wanda ya kalli wannan yau zai iya ɗauka tatsuniya ce kawai, amma iyayen Amurka na 1983 tsoronsu ne aka haska musu. A lokacin gidajen gem sun cika ko'ina: ɗakuna masu duhu, akwatuna masu tsayin mutum a jere, ƙara kamar ana ƙira, yara tsaye tun tashi daga makaranta har dare. Garin Mesquite na jihar Texas ya kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 17 taɓa waɗannan na'urori sai da iyaye, shari'ar ta kai har Kotun Ƙolin ƙasar, wadda ta yanke hukunci a 1982. A Filifin, Ferdinand Marcos ya haramta su gaba ɗaya a Nuwamban 1981. A Nuwamban 1982 babban likitan gwamnatin Amurka, C. Everett Koop, ya ce a Pittsburgh yara suna kamuwa da wasannin jiki da ruhi, ko da yake daga baya ya amsa cewa ra'ayinsa ne, ba sakamakon bincike ba. A shekarar dai wani saurayi ɗan shekara 18 ya yanke jiki ya faɗi ya mutu a Calumet City ta jihar Illinois jim kaɗan bayan ya gama buga Berzerk. Binciken gawa ya nuna yana da lahani a zuciya tun da can, amma wa ya tsaya sauraron wannan? Labarin da ya zaga shi ne gem ya kashe yaro.

Ita ma jita-jitar matakin da ba a kaiwa tana da tushe. Pac-Man, da ya fito a 1980, yana ƙidayar matakansa a wani gurbi da ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255. In gwani ya kai allo na 256 sai lissafi ya kife, rabin allon na dama ya cika da tarkacen haruffa da lambobi, wasa ya tsaya nan. Donkey Kong ma haka: a mataki na 22 lissafin lokaci yana rikicewa, ya ba ka daƙiƙu kaɗan da ba za su isa komai ba. Masu rubuta manhajar ba su zaci wani zai yi nisa haka ba. To ka ɗauki yaro a zamanin da babu intanet, babu bidiyon da zai kalla ya tabbatar, sai dai wani ya ce wani ya ce. A wurinsa, ƙarshen kowane wasa ƙasa ce da ba a taka ba. Christopher Crowe, wanda ya rubuta labarin, wannan jijiyar ya taɓa.

Yaran da suka kalli fim ɗin a sinima, ko a kaset ɗin bidiyo daga baya, sun girma. Wasu sun zama injiniyoyi, wasu kafintoci, wasu masu rubuta manhaja, kuma abin da suke so bai canza ba: su jefa tsaba su kara da Bishof da hannunsu. A nan gizo ke saƙar. Mai gyaran tsohon akwatin Asteroids yana da allon lantarkinsa, yana da littafin gyara na Atari, yana da manhajar da aka kwafe daga guntayen ƙwaƙwalwar na'urar. Tun 1997, da Nicola Salmoria ya fara manhajar kwaikwayo ta MAME, dubban tsofaffin wasanni aka ceto ta wannan hanya. Amma Bishof ba shi da ƙwaƙwalwar da za a kwafa. Akwatin da ke cikin fim kayan ado ne na dandalin ɗaukar hoto. Abin da ake gani a allonsa zane ne mai motsi da aka riga aka shirya da kwamfuta, ba ya jin hannun kowa. Estevez yana murɗa bindiga yana zufa, hoton yana bin hanyar da aka tsara masa tun farko. Ba wasa aka yi ba, hoton wasa aka yi.

Saboda haka aikin mai ginawa yana farawa ne da zaman bincike. Ya samo kwafi mafi tsabta, wanda tun 2015 ya zama faifan Blu-ray da Scream Factory suka fitar, domin a tsohon kaset layukan sun cakuɗe, launi ya zuba. Fim yana gudu ne da hoto 24 a daƙiƙa, wato minti ɗaya hoto 1,440, kuma duk inda aka nuna allon wasan, in aka harhaɗa, mintuna kaɗan ne. Sai ya bi su ɗai-ɗai. Ga surƙuƙin lunguna da aka zana da layukan haske. Ga ɗan mutum-mutumin a ciki. Ga abin da ya taso masa, daga ina ya fito, hoto nawa ya ɗauka kafin ya tsallaka allon? Daga nan ake ciro saurinsa. Harsashi ɗaya ke kashe shi ko biyu? Maki nawa ya ƙaru? Ya tsayar da hoton, ya rubuta, ya matsa gaba. Da an fara gane wani abu sai mai tace fim ya yanke, ya kai ka kan idon Estevez, ko kan yaran da suka taru a bayansa, in an dawo allo wasan ya riga ya yi gaba.

Mai tace fim ba ruwansa da dokokin wasa. Burinsa zuciyar mai kallo ta buga. Yana iya ɗauko motsin hannun ɗan wasa daga wata ɗauka ya manna shi da hoton allo na wani wuri, kuma babu mai kallon da zai lura. Mai ginawa ne kaɗai zai lura, don shi ne yake neman ya san in an karkata bindiga hagu me ke faruwa. Kuma ba duk matakan aka nuna ba. Fim yana tsallake daga wannan zuwa wancan, ya fi daɗewa a kan na 12. Halin da mai ginawa yake ciki ke nan, irin na telan da aka miƙa wa hoton babbar riga daga gaba aka ce ya ɗinka irinta sak: aikin wuya yana gani, amma baya da aljihu da faɗin hannu sai ya ƙago, kuma duk wanda ya zo karɓa yana da tasa rigar a kai.

An taɓa bin wannan hanya, kuma an kai. Fim ɗin The Last Starfighter na 1984 ba na tsoro ba ne, amma ɗan'uwan wannan ne: saurayi ya ƙware a wani akwatin gem, ashe jarrabawa ce ta ɗaukar mayaƙan sararin samaniya. Kamfanin Digital Productions ya zana hotunansa da Cray X-MP, ɗaya daga cikin kwamfutoci mafi ƙarfi a duniya a lokacin. A rubutun ƙarshen fim an yi alkawarin wasa daga Atari, amma akwatin bai taɓa shiga kasuwa ba, na kwamfutar gida kuma aka sauya masa suna ya fito a matsayin Star Raiders II. Sai a 2007 wasu masu sha'awa da ke kiran kansu Rogue Synapse suka fitar da wasan kyauta, bisa abin da ake gani a fim, har da akwatinsa. Su ne kuma suka gina Space Paranoids na cikin fim ɗin Tron. Daga baya manyan kamfanoni suka gane akwai riba a abin. Da Disney za ta saki Wreck-It Ralph a 2012 ta sa aka ƙera akwatunan Fix-It Felix Jr. na gaske, aka tsufar da su da gangan, aka buga musu shekarar 1982 da sunan kamfanin da babu shi. A 2018 masu shirya Bandersnatch, na jerin Black Mirror, suka saki wasan Nohzdyve da ke cikin labarin, rubutacce don tsohuwar kwamfutar ZX Spectrum ta Birtaniya. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, domin ba kamannin zamanin kawai suka ɗauko ba, sun shiga cikin ƙuncin na'urar zamanin suka yi aiki a ciki.

Wannan ƙunci shi ne zuciyar maganar, kuma a allo ya fi bayyana. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana yin hoto ne da tsinken lantarki da ke share gilashi layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, sau 60 a daƙiƙa a tsarin Amurka. Yawancin wasanni, irin su Pac-Man, haka suke, shi ya sa hotonsu ɗigo-ɗigo ne. Amma akwai wani dangi na daban, wanda Bishof yake kwaikwayo. A cikinsa tsinken ba ya share allon. Tsalle yake yi zuwa wuri ɗaya, ya kunna, ya ja layi zuwa wani wurin, ya mutu, ya sake tsalle. Asteroids na 1979 haka yake, da Battlezone na 1980, da Tempest na 1981 mai launi, da Star Wars na Atari da ya fito shekara ɗaya da fim ɗinmu. Layin irin wannan allo ba shi da tsani-tsani, siriri ne, kaifi ne da shi. Baƙin da ke bayansa baƙi ne ƙirin, don babu abin da ya taɓa wurin. In tsinken ya ɗan dakata a ɗigo guda, kamar harsashin Asteroids, hasken har ido yake kashewa, kuma yana barin ɗan jela a bayansa kafin sinadarin gilashin ya huce. Wanda bai taɓa tsayawa gaban irinsa ba, hoto a waya ba zai gaya masa ba.

Yana kuma da iyaka mai tsanani. Duk layin da ka ƙara, tsinken zai ƙara lokaci kafin ya zagayo, in layuka suka yi yawa hoto ya fara ƙyafta ido. Ƙwaƙwalwar Tempest ƙaramar 6502 ce mai gudun megahaz ɗaya da rabi, da wani allo na musamman da ke taya ta lissafi. Kwamfutar masu fim kuwa ba wanda yake kora ta. Tana iya ɗaukar duk lokacin da take so a kan hoto guda, lunguna su juya, kallo ya sauya kusurwa, fuska ta yi magana, domin a ƙarshe a kan fim za a ɗauke. Ma'ana, Bishof kamar yadda aka nuna shi ya fi ƙarfin akwatin da mai gidan gem zai iya saya a 1983. To mai ginawa ya zaɓa. Ko ya bi hoton fim sak a kwamfutar zamani, ya shafa wa layukan ƙyallin ƙarya, ko ya tambayi kansa: da injiniyoyin Atari aka ba wannan aiki a waccan shekara, me za su rage, me za su riƙe?

Ni ina tare da na biyun, ba don ina raina na farkon ba. Na farko yana ba ka abin da ka gani, na biyu yana ba ka abin da J.J. ya taɓa. Sai dai hanyar tana da tsada. An daɗe da daina ƙera waɗannan alluna. Wanda ake samu sai an ciro daga gawar wani akwati, kuma Wells-Gardner 6100 na cikin Tempest ya yi ƙaurin suna wajen ƙona taransistocinsa tun yana sabo, balle bayan shekara 40. Cikinsa akwai wutar da ta kusa volt 20,000, tana iya maƙalewa ko bayan an zare filogi, don haka ba wurin koyon gyara ba ne. Akwai kuma tambayar da masu tara tsofaffin na'urori suke yi wa juna da zafi: ya halatta a yanka Tempest mai rai don a raya wasan da bai taɓa rayuwa ba? Amsata a'a ce. Mai ƙaramin ƙarfi yana da Vectrex, na'urar gida ta 1982 da ta zo da nata allon zanen layi, wadda har yau masu sha'awa suke rubuta mata sababbin wasanni. Wasu kuma da na'urar awon igiyar lantarki ta ɗakin gwaji suke zana layukansu.

Katako ba ya ba da wahala sosai. An san tsayin akwatunan zamanin, an san faɗin ƙofar tsaba, kuma daga tsayin ɗan wasan da ke tsaye a gefe ana iya ƙiyasta sauran. Zanen gefe da allon suna na sama mai fitila, mai haƙuri zai sake zana su daga hotunan fim. Bindigar ce matsala. Bindigar gem ta gargajiya ido ne da ita, tana jira tsinken talabijin ya wuce ta gabanta, na'ura ta lissafa inda aka nuna daga lokacin da ya wuce. Wannan lissafi ya dogara da sharar layi bayan layi, don haka ba ya aiki a allon zanen layi, ba ya kuma aiki a shafaffen allon zamani. Mafita ita ce wadda Midway ta bi a Terminator 2 na 1991: a kafe bindigar a kan gindi mai juyawa, a sa ma'auni biyu a ciki, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. Kuma lalle ta yi nauyi a hannu. Yaron nan fizge ta ya yi ya kare kansa da ita, in ta zama roba mara nauyi an zubar da rabin labarin.

Murya kuma ta James Tolkan ce, wanda daga baya duniya ta sani da shugaban makaranta mai tsanani a Back to the Future. Jimlolinsa a fim ɗin 'yan kaɗan ne, wasu da kiɗa da hayaniyar gidan gem a ƙarƙashinsu, kuma muryar da fim ɗin duka mallakar wasu ne. Shi ya sa irin wannan aiki kyauta ake rabawa, ba a sayarwa. Mai neman abin koyi ya saurari Sinistar, wanda Williams suka fitar a 1983: ƙatuwar fuska ce a sararin samaniya, tana yi maka barazana da murya mai tsatsa, ta bi ka da ruri ta haɗiye jirginka. Ƙarancin ƙwaƙwalwa ne ya sa muryar ta yi kaushi, kaushin kuma shi ne abin tsoron. Muryar da aka ɗauka tas a situdiyon zamani ba za ta razana kowa ba. A nan ya kamata a tuna cewa masu fim ba su ne suka shigo da mugun mafarki gidan gem ba. Dave Theurer, wanda ya ƙirƙiri Tempest, ya ce daga mafarkin dodanni masu fitowa daga rami ya samo shi, kuma lokacin da yake aikin Missile Command ya sha farkawa da mafarkin yaƙin nukiliya.

Saura wahalar wasan, wadda fim ba zai taɓa nuna maka ba, domin wahala a hannu ake jinta. Akwatin gem kasuwanci ne. Mai gida yana so tsaba ɗaya ta ƙare cikin minti biyu zuwa uku, amma yaro ya tashi yana jin saura ƙiris, ya sake lalubo aljihu. In ya yi sauƙi an yi asara, in ya yi tsauri tun farko yara su koma na kusa. Shi kansa Sinistar an ƙara masa wuya kafin ya fita don kada wasa ya daɗe. Mai gina Bishof dole ya tsara hawa 12 a kan wannan ma'auni: na farko kowa ya ci, na tsakiya sai wanda ya dage, na 12 sai wane da wane. Yau akwai jarabar a sassauta, a sa wurin ajiye ci-gaba, a ba da rai ba iyaka, don kowa ya ga ƙarshe a zama ɗaya. Wanda ya yi haka ya gina wani wasa ne daban. Duk labarin J.J. a kan bango ɗaya ya tsaya, bangon da ya yi ta karo da shi har ya rasa karatunsa da abokinsa da iyayensa. Ba bango, ba Bishof.

To in an ci na 12 fa? A fim, mataki na 13 ba ya cikin allo. Ɗakin ne, da kantin, da wurin ajiye motoci. Babu kafinta ko injiniyan da zai gina wannan. Hanyoyin da ke gaban mai ginawa sanannu ne. Yana iya ƙara wani surƙuƙin da ya fi na baya wuya ya kira shi 13, abin da zai mai da alkawarin Bishof ba komai ba. Yana iya kunna guntun fim ɗin a matsayin lada, wato ya mai da mai wasa ɗan kallo daidai lokacin da ya fi cancantar a dama da shi. Yana iya sa masa tabarau na zamani da ke nuna abokan gaba suna yawo a ɗaki, abin da zai burge na minti biyar, amma ya fita daga 1983 gaba ɗaya.

Labarin Polybius gargaɗi ne a nan. Jita-jita ce da ta bazu a intanet wajen shekarar 2000, cewa a 1981 an ajiye wani baƙin akwati a gidajen gem na Portland ta jihar Oregon, yana sa yara ciwon kai da mantuwa da mugayen mafarkai, wasu mutane masu baƙaƙen kwat suna zuwa kwasar bayanai daga cikinsa. Ba a taɓa samun akwatin ba, ko takarda ɗaya ta zamanin da ta ambace shi. Abin da aka tabbatar shi ne a 1981 wasu yara biyu sun yi rashin lafiya a wani gidan gem na Portland, ɗaya bayan sa'o'i da yawa yana neman kafa tarihi a Asteroids, kuma a kwanakin jami'an FBI sun kai samame wasu gidajen gem na yankin kan zargin caca. Rogue Synapse sun gina nasu Polybius a 2007, Jeff Minter ya fitar da nasa a PlayStation 4 a 2017, har ƙungiyar Nine Inch Nails ta sa shi a bidiyon waƙa. Na Minter wasa ne mai kyau ƙwarai. Amma babu wanda ya buga ɗayansu ya kwana da fargabar da jita-jitar take sawa. Da zarar abin tsoro ya zama fayil da ake saukewa, an ga iyakarsa.

Duk da haka ban yarda a bar mataki na 13 fanko ba, kuma ban yarda a sa na 12 ya zama wanda ba ya ciyuwa ba, don wannan cin amanar mai wasa ne, kuma ya gaskata yaran da suka ce wa J.J. damfara ce. A ganina fim ɗin ya riga ya ba da amsa a hotonsa na ƙarshe, kuma amsar tana ginuwa. Tun zamanin Asteroids gwani yake barin haruffa uku na sunansa a allo, su zauna har wani ya ture su. Bishof ƙara gaba kawai ya yi, ya riƙe mutumin ɗungurungum. To a ɓoye ƙaramar kyamara a bayan gilashi, a rubuta a jikin akwatin cewa tana nan don kada a ɗauki kowa bai sani ba. Wanda ya ci na 12, allo ya ɗauke, akwatin ya girgiza, na'ura ta zana fuskarsa da koren layi. Daga ranar shi ne zai riƙa gaishe da duk wanda ya jefa tsaba, shi ne ɗan mutum-mutumin da ake korawa cikin lunguna, har ranar da wani zai ci ya karɓe shi. Wannan ba ya buƙatar sihiri, kuma mutum zai koma gida ya san cewa ya bar wani abu nasa a cikin akwatin.

Sharaɗi biyu nake gindaya wa duk mai niyyar wannan aiki. Na farko, ya rubuta a fili abin da ya ciro daga fim da abin da ya ƙago da kansa, mataki bayan mataki, domin nan da shekara 20 wani yaro zai tarar da wasan ya ɗauka na 1983 ne, kuma tarihin wasannin gem ya riga ya cika da ƙarya. Na biyu, kada ya ɗauki bidiyon ƙarshen ya watsa, kuma ya roƙi waɗanda suka kai su riƙe bakinsu. Mai karatu da ke da hannu a rubuta manhaja, labarin bai kai rabin sa'a ba. Ka nemo shi, ka ajiye takarda da biro a gefe, ka fara ƙidayar hotunan mataki na 12.